Ƙullin Kaba a Tabkin Ɗela

Asabar, 11 ga Janairu, bayan la'asar

Na sayi kaye ɗin nan a kasuwar Waca don in riƙa rubuta wuraren da nake kai baƙi, ga shi tun shafin farko ya zama wurin juye haushi. Ya yi haƙuri, shi dai ba zai kai ƙarata wurin Madam Aziza ba.

Madam Aziza ce mai kampama. Tanti takwas farare ta kafa a ƙarƙashin gawo bayan garinmu, kowane da gado da katifa da fanka da bayi na zamani. Mutum ya baro gidansa na siminti a Yamai ko Kano, ya zo ya kwana a tanti, a ce masa hutu. Ni Ukasha, da na bar koyarwa a lakol, ni ne mai kai su yawo. Ni nake rubuta musu tablo da alli kowace safiya: gonakin rake na Bande, kasuwar Waca, hawan duwatsu, yawon amalanke, kallon tsuntsaye a Tabkin Ɗela.

Yau tabki muka je, mutum shida 'yan Yamai. Wani ya tambaye ni ko belbela tana cizo. Wata mai baƙin gilashi ta ɗauki hoto ya fi talatin, kowane ta duba sai ta yi tsaki, wai akwai abin da yake ɓata mata ruwan. Na yi mata bayani da Faransanci, na sake da Hausa. Na ce sandar hani ce. Babana Ɗantsoho shi ne Sarkin Ruwa, shekara talatin da takwas, shi yake kafa ta bayan damina ya ƙulla mata kaba a kai. Muddin tana tsaye babu mai saka ko ƙugiya a tabkin nan. Sai ranar da ya cire ta gari duka ya shiga su, wato kamun kifi na gayya, kuma bana sati biyu kafin azumi za a yi, don kowane gida ya shanya kifin miya. Ta ce: «To ai minti biyar ne kawai.»

An gyara mata. Ta ji daɗi, Madam ta ce na iya aiki.

Lahadi, 12 ga Janairu, bayan magariba

Bande. Sun sha rake har baki ya tsage, ɗaya ya zame a lambu ya ce laifin takalmina ne da ban gaya masa ya sa irinsa ba. Muna tsakiyar rake wani abu da na manta jiya ya faɗo mini a rai, har na tsaya cak mai amalanke ya ce lafiya. Rana ta riga ta yi. Gobe da sassafe.

Litinin, 13 ga Janairu, hantsi

Na je. Na dawo. Ban iya karyawa ba.

Litinin, bayan azahar

An kwashe tabki. Mata masu ɗiban ruwa ne suka gani suka shigo gari da salati. Sawun taru tun daga gabas har yamma, laka duk an dame ta, ƙananan karfasa sun mutu birjik a gaɓa. Abin da gari ya yi wata huɗu yana haɗiye yawu a kansa, wasu sun tafi da shi cikin yini guda.

Ita kuwa sanda tana nan tsaye da ƙullinta. Kowa ya gan ta, har ni na nuna wa mutane ita.

Kellu matata ta tambaye ni ina na samo laka a wando har gwiwa da sassafe, da yankan da yake yatsana. Na ce mata aikin kampama ne. Mace in ba ta tambayi abu ba ba ta jin ta yi wanki.

Laraba, 15 ga Janairu, da safe

Abin da ya ƙona mini rai shi ne bakin mutanen garin nan. Shekara talatin da takwas Baba yana zagaya tabkin nan kafin ya karya. Ya taɓa kama ɗan ƙanwarsa da ƙugiya ya kai shi gaban mai gari da kansa. Yau har akwai mai cewa sayar da ruwan ya yi! Kuma wa ya fara? Baffa Maiwada, ɗan ƙanin kakanmu, wanda tun ina yaro yake hangen gorar Sarkin Ruwa kamar tuwon da aka ɗora a bango. A rumfar mai shayi ya ce:

«Sanda tana tsaye, kifi ya tafi. Wa zai shiga ruwa da sanda a tsaye in ba mai sandar ne ya ce shiga ba? Ga ɗansa can yana cin abincin masu tanti.»

Ni ma an sa ni a ciki ke nan. Ina ruwan aikina da tabki?

Alhamis, 16 ga Janairu, bayan la'asar

An gano su. Wani Jibo ne daga wajen Mallawa da mutanensa, an same su da kwandunan tarwaɗa suna banda. Bai gudu ba, bai ɓoye ba, da ƙafarsa ya zo gaban mai gari. Ya ce ranar Lahadi da hantsi suka biyo ta nan da taru a amalanke, suka zagaya tabkin sau biyu ba su ga sanda ba, suka ce an buɗe. Ya ce shi ɗan masunta ne jikan masunta, a kawo Alƙur'ani ya dafa.

Na ce maƙaryaci ne. Da ƙarfi na faɗa, har mai gari ya ce in sassauta murya. Mutum ko bai ga sanda ba ai ya shigo gari ya tambaya. Wane irin masunci ne zai ga ruwa cike da kifi a Janairu ya ce an buɗe?

Baba ma yana wurin. Da aka tashi ya tafi tabki, na bi shi a baya. Ya tsaya gaban sandar ya daɗe yana kallon ƙullin, ya juya shi da yatsa, ya sake juyawa. Sannan ya ce mini: «Rana ta yi, je ka wurin baƙinka.»

Asabar, 18 ga Janairu, da rana

Sababbin baƙi, iyali daga Damagaram. Madam ta ce me ya sa na goge tabki daga tablo. Na ce ruwan ya dame, tsuntsaye sun gudu. Ta ce a mayar. Ta ma nuna mini hoton da mai baƙin gilashin nan ta turo mata, wai za ta sa a buga shi babba a rataye a ƙofar shiga. Ruwa shimfiɗe, gawo a bayansa, belbela uku. Babu komai a gaɓar, fes.

Na ce hasken bai yi kyau ba. Ta ce ni me na sani a hoto.

Litinin, 20 ga Janairu, bayan magariba

Masu saƙar tabarma sun ce kada in ƙara kawo musu baƙi. Mai furar da take kawo wa kampama ta daina. Rumaisa 'yata ta dawo daga lakol da kuka, wai ana ce mata jikar mai sayar da ruwa. Shekararta takwas! Na ɗauki takalmi zan fita in ga uban wa ya koya musu, Kellu ta tare ƙofa ta ce:

«Wurin wa za ka je ka yi faɗan, Baban Rumaisa? Zauna ka ci tuwo.»

Yadda ta faɗe shi bai yi mini ba.

Laraba, 22 ga Janairu, hantsi

Kasuwa, duwatsu, rake. Rake, duwatsu, kasuwa. Murmushi nake har haƙorana suna ciwo.

Juma'a, 24 ga Janairu, bayan masallaci

Mai gari ya yanke. Juma'a mai zuwa Baba zai dafa Alƙur'ani ya rantse sandar ba ta taɓa barin wurinta ba, kuma ƙullin da yake kanta nasa ne. In ya rantse, a miƙa Jibo ga jandarma. In bai rantse ba, ya ajiye gora da homa, sarautar ruwa ta bar gidanmu.

Na ji sanyi. Me zai hana ya rantse? Iya saninsa ai gaskiya ce. Allah yana duba abin da mutum ya sani ne, ba abin da bai sani ba, kowane malami zai gaya maka haka. Jibo kuwa ko ya kwana biyu a hannu, ai ya ci kifin, ba zaluntarsa aka yi ba.

Na je gida na gaya wa Baba ya kwantar da hankalinsa. Yana gyaran homa bai ɗago ba. Ya ce: «Kai naka a kwance yake?»

Lahadi, 26 ga Janairu, da yamma

Wani Bakano mai ƙaton agogo ya ce in kai shi ya ga tabkin da aka sace. Labari har ya isa tanti, ya zama abin kallo. Ya ce: «Malam, aljanu ne ko mutane?» Madam tana gefe tana dariya, wai a ƙara shi a tablo, baƙi suna son wuri mai labari. Mutuncin tsoho ake yanka a gari, su suna neman inda za su tsaya su yi hoto. Su ne suka jawo komai. Da sun zauna a gidajensu da duk wannan bai faru ba. Mutum ya zo garin mutane kwana biyu, ba ya tambayar mene ne wannan, sai dai a kawar masa da shi.

Talata, 28 ga Janairu, da safe

Yankan yatsan ya ƙi warkewa. Kaba tana da dafi.

Alhamis, 30 ga Janairu, bayan la'asar

Madam ta ce gobe akwai hawan duwatsu da mutum tara, amma in ina so in je zaman mai gari ta ba ni rana. Na ce a'a, aiki aiki ne. Ita ta yi mamaki. Ni ban ga abin mamaki ba, rantsuwa ce ta minti biyu, ba sai an taru a kanta ba.

Juma'a, 31 ga Janairu, bayan la'asar

Muna saman dutse Kellu ta kira ni. Baba ya ƙi rantsuwa.

An kawo Alƙur'ani, ya mayar da hannunsa baya. Ya ce: «Jibo bai yi ƙarya ba, ku sake shi ya tafi.» Mai gari ya ce to wa ya cire sandar, wa ya mayar? Ya ce: «Ruwa a hannuna aka ba shi, duk abin da ya same shi ni ne.» Sau uku aka tambaye shi, sau uku ya faɗi haka. Ya ajiye gorar da homar a tabarma ya fita. Kafin a watse aka ba Baffa Maiwada.

Gari duka ya ce ya amsa laifi ke nan.

Wannan wane irin taurin kai ne? Wa ya ce ya yi haka? Kalma biyar zai faɗa a wuce wurin! Na sauko da mutum tara daga dutse ban san ta inda muka bi ba, wata tana tambayata sunan wata ciyawa.

Asabar, 1 ga Fabrairu, da rana

Ban je wurin Baba ba. Ba ni da lokaci.

Lahadi, 2 ga Fabrairu, bayan azahar

Shi ya zo. Bai taɓa taka kampama ba sai yau. Ya ƙi kujera, ya zauna a ƙasa bayan kicin, ya zaro kaba biyu daga aljihu. Ya ce in duba. Ya ƙulla a hankali, ya kwance, ya sake ƙullawa.

«Ka gani? Na dama yake hawa kan na hagu. Haka ubana ya yi, haka nasa uban. Wanda na tarar a sandar, na hagu ne a sama.» Ya dube ni. «A gidana bahago ɗaya aka haifa. Uwarka ta yi ta bugun hannun nan har ta gaji.»

To bari in rubuta, tunda kaye ba ya da baki.

Ni na cire ta. Ranar Asabar ɗin nan, don hoton mace mai baƙin gilashi, na tuge sandar na kwantar da ita a ciyawa. Minti biyar. Sai wani ya ce ƙishirwa, wata ta ce rana, na kwashe su muka tafi. Na tuna a Bande na ce gobe. Da na je Litinin na tarar an riga an kwashe ruwan. Maimakon in ruga in gaya wa Baba, sai na laluba ciyawa na ɗauko ta na kafa, kabar ta kwance na ƙulla da hannuna. Da na bar ta a kwance, da an ce saniya ce ta ture ta. Ni na tsayar da ita ta zama shaida a kan ubana. Kuma na tashi gaban mutane na ce wa Jibo maƙaryaci.

Na ce: «Baba, tun ranar ka sani?»

«Tun ranar.»

«Ka bar ni ina ta haushi kamar kare?»

«Ina jira ne in ga ko za ka zo da kanka.» Ya mayar da kabar aljihu. «Yanzu kuma ya wuce. Kada ka faɗa wa kowa. Ni na ci zamanina, kai kana da 'ya'yan da za su zauna a garin nan.»

Ya tashi ya kaɗe rigarsa. Ko ruwa bai sha ba.

Talata, 4 ga Fabrairu, da safe

Wa ya roƙe shi? Ina tambaya, wa ya roƙe shi? Da ya mare ni gaban mai gari da ya fi mini sauƙi. Ya ɗauki shekara talatin da takwas ya ɗora mini a ka ya ce in yi shiru in ci gaba da kai mutane shan rake.

Na gaya wa Kellu. Ta ce ta sani tun daga wandon.

Laraba, 5 ga Fabrairu, bayan la'asar

Na ce wa Madam ta turo mini hoton nan na tabki, wanda babu sanda a ciki, da ranar da aka ɗauke shi. Ta daɗe tana kallona. Ba wawiya ba ce, ta gane. Ta ce: «Wane hoto?» Ta nuna mini wayar, babu shi. Ta ce in mutane suka ji saboda baƙinta aka cire sanda, tantunan nan ba za su kai azumi ba, kuma mutum goma sha ɗaya suke ci a nan. Na nemi lambar matar, ta ce ba ta ajiye lambar baƙi.

Na kira ta da sunan da ba zan rubuta ba. A zuci.

Juma'a, 7 ga Fabrairu, bayan masallaci

Na faɗa. Gaban mai gari, gaban Baffa Maiwada, gaban duk wanda ya tsaya. Na faɗi hoton, na faɗi Bande, na faɗi ƙullin, na nuna yatsana. Na ce a aika a nemo Jibo in roƙi gafararsa.

Sai Baffa Maiwada ya girgiza kai ya ce: «Allah sarki. Sati huɗu yana neman yadda zai wanke ubansa.» Wani tsoho ya ce wallahi an haifi ɗa. Na ce a kawo Alƙur'ani. Liman ya ce ba zai bar yaro ya halaka kansa don son uba ba. Na ce a kawo sandar a duba ƙullin, aka ce tsohuwar kabar Baba ya kwance ta tun ranar da ya sauka. Mai gari ya juya wajen Baba ya ce: «Ɗantsoho, me ka ce?»

Baba ya ce: «Yaron nan tun da aka haife shi bai taɓa iya ƙulla kaba ba.»

Aka yi dariya. Aka shafa fatiha. Mutane suna ta kama hannuna suna sa mini albarka, har da masu saƙar tabarma, wai in kawo baƙi gobe. Mai fura ta aiko wa Kellu da ƙwarya guda kyauta.

Ban taɓa jin wulaƙanci irin na yau ba, kuma babu wanda ya zage ni.

Litinin, 10 ga Fabrairu, da rana

Duk inda na bi, ɗa na gari. Ɗa na gari. Ina ji kamar in kurma ihu.

Asabar, 15 ga Fabrairu, bayan azahar

Yau ce da za a buɗe tabki. Baffa Maiwada ya ce babu shiga su bana, ya kafa sabuwar sanda har baɗi. Azumi da kuka da daddawa.

Da hantsi na ɗauki baƙi huɗu a amalanke za mu duwatsu. A rabin hanya akwai wani gawo a kan tudu, daga nan ana hango ruwa. Kellu ta gaya mini kullum Baba yana fita da safe kamar yadda ya saba, ya zo nan ya tsaya, sannan ya koma. Ban yarda ba sai da na gan shi, hannu a baya, yana kallon tabki.

Wata a cikin baƙin ta ɗaga waya ta ce a tsaya, tsohon nan ya dace da wurin. Na ce ta sauke wayar, ubana ne. Na dira na je na tsaya kusa da shi.

Shi ya fara. Bai dube ni ba, ya ce: «Ruwa ya ja da taki biyu. Maiwada ya kafa sandar a inda laka take da taushi, kafin sati za ta kwanta.»

Na ce: «Baba, in je in gyara ta?»

Ya ce: «Baƙinka suna jiranka.» Na juya na yi taku uku, ya kira sunana.

«Ukasha. Kada ka taɓa ta.»